BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: SHIRIN MATASA KAFIN NEMAN AIKIN HUTUN DAMINA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta mana neman abinci, Ya kuma sanya albarka a cikin gumin bawanSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara idan aka ƙare jarrabawa aka rufe lakwal, ana sakin ƴaƴanmu hutu na kimanin wata uku, ba su komawa aji sai cikin watan Oktoba. Wannan hutu yana faɗowa ne daidai da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, gona kuma tana kiran kowane hannu. A nan ne ɗan shekara 14 zuwa 18 yake fara tunanin inda zai sami ɗan abin kansa. Wannan ya ɗauki hauya ya shiga barema, wancan ya nemi mai babur ya ba shi kabu-kabu, wani ya tafi dako ranar kasuwa a Dogon Dutsi ko Matankari, wani kuma ya tsaya bakin babban titin da ya ratsa Ɗan Kassari yana jiran motar Yamai ko ta Birnin Ƙonni. Ƴan mata kuwa, wasu talla, wasu aikatau a gidajen birni.

Tambayar da muke son mu tsaya a kanta ita ce: idan yaro ya je gaban mutum ya ce a ba shi aiki, mene ne ainihin abin da yake miƙawa a musayar kuɗi? Amsar wannan tambaya ita ce tushen dukkan shiri. Wanda ya san ta tun yana gida ya fafe goransa da wuri. Wanda bai san ta ba zai koyo ta a hannun baƙi, kuma karatun baƙi tsada gare shi.

AIKIN LADA BA ABIN KUNYA BA NE

Kafin komai, lalle ne mu kawar da wani tunani da ya fara shiga zukatan wasu ƴan makaranta, cewa wanda ya riƙe alƙalami ya fi ƙarfin hauya. Imam Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan ɗan lada, kuma ya ba da labarin cewa babu Annabin da bai yi kiwo ba. Daga baya ya tafi Sham fatauci da dukiyar Nana Hadiza (RA) tun kafin aurensu. Annabi Dawuda (AS), duk da sarautarsa, daga aikin hannunsa yake ci. A ƙasarmu ma, an ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Marata a 1754, can gabas da mu a ƙasar Ƙonni, yakan tufka igiya domin ya ci daga guminsa. Saboda haka matashin da ya tashi neman halal ya bi sahun manya, kuma ya fi wanda ya kwana ya yini a gindin icce yana jiran a ba shi. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

ABIN DA AKE BAYARWA HAYA DA ABIN DA BA A BAYARWA

Malaman fiƙihu suna kiran aikin lada da sunan ijara, wato haya. Wannan suna yana ɗauke da hikima. Wanda ya sayar da akuya ya rabu da ita har abada. Wanda ya ba da hayar amalanke yana sa ran ta dawo masa da ƙafafunta. Ɗan ƙwadago bai sayar da kansa ba. Ya ba da hayar abu biyu ne kawai, ƙarfinsa da lokacinsa, zuwa wani adadi sananne. Idan adadin ya cika, tilas ya dawo gida da jikinsa lafiya, da addininsa, da mutuncinsa, da karatunsa. Waɗannan huɗu ba su shiga cikin ciniki, domin ba mallakarsa ba ne balle ya sayar. Amana ce Allah Ya ajiye a wurinsa, kuma za a tambaye shi a kanta, a tambayi waliyyinsa.

Mu duba ƙissar Annabi Musa (AS) a cikin Suratul Ƙasasi, daga aya ta 23 zuwa ta 28, domin ita ce madubin duk mai neman aiki. Ya isa Madyana yana baƙo, ba guzuri, ba sani. Ya tarar da mata biyu a gefen rijiya sun kasa kutsawa cikin makiyaya, sai ya shayar musu da dabbobinsu ba tare da ya nemi komai ba. Ɗayarsu ce ta ba mahaifinsu shawarar ya ɗauke shi aiki, kuma siffofi biyu ta ambata a kansa: ƙarfi da amana. Sa'an nan dattijon ya yanke masa adadi a fili, shekara 8, idan ya ga dama ya cika 10, ya kuma tabbatar masa ba ya nufin ƙuntata masa. Musa ya amsa, ya maimaita sharaɗin da bakinsa, suka sanya Allah shaida. A cikin wannan ƙissa akwai hali da ya riga neman aiki, akwai shaidar wanda ya gani da idonsa, akwai yanke magana tun farko, akwai kuma tausayin mai ɗauka. A kan waɗannan za mu gina shirin ƴaƴanmu.

SHIRI NA FARKO: IZININ IYAYE DA HAƘƘIN GONAR GIDA

A mazhabar Imam Malik, yaron da bai balaga ba idan ya ƙulla ijara da kansa, tabbatar ta tana rataye ne a kan yardar waliyyinsa. Wanda ya balaga ma bai fita daga wajibcin biyayya ba. Don haka yaron da ya sulale da asuba ya hau mota ba da sanin kowa ba ya fara aikinsa da saɓo, ya kuma yanke wa kansa igiyar da za a jawo shi da ita idan ya faɗa rijiya.

A nan akwai wata matsala da ta fi damun manomi. Kwanakin da mai hali yake neman ƴan barema ruwa a jallo su ne kwanakin da gonar talaka take bukatar noman fari. Idan samarin gida suka bi kuɗin yini suka bar gandu, ciyawa ta rufe hatsi, maimai ya makara, da kaka a ɗaure damma kaɗan, rumbu ya ƙare da wuri, baɗi kuma a sake fita barema tun kafin lokaci. Haka talauci yake haifar ɗan'uwansa. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa suka raba kwanaki tsakanin gandu da gamana. Abin da ya dace shi ne uba da ɗa su zauna tun kafin ruwan shuka ya sauka su raba mako: kwana kaza na gida, kwana kaza na neman kuɗi. Yaron da aka yi shawara da shi yakan riƙe alkawari fiye da wanda aka yi wa tsawa.

SHIRI NA BIYU: SANIN HUKUNCI DA YANKE LADA

Duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya ji tun a farkon littafin cewa baligi ba ya shiga wani aiki sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. Imam Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda take hannun malamanmu a kowane gari, tana da babi guda a kan ciniki da abin da ya yi kama da shi, kuma a can aka yi bayanin ijara. Matashi ba ya bukatar haddace babin, amma akwai abu uku da bai kamata ya fita gida bai san su ba.

Na ɗaya, dole lada ya zama sananne, aiki ko lokaci ma sananne. Idan yini ne, daga yaushe zuwa yaushe, da abinci ko babu. Idan jinga ce, a zaga gonar tare a ga iyakarta kafin a sa hauya. Maganganu irin su “fara dai, ba za mu ɓata ba” ko “ai kai ɗana ne, zan gani” su ne mafarin yawancin rigimar da ake kawo wa limamai da masu gari. Yaro yakan ji nauyin tambayar babba nawa zai biya shi. Ya kamata a koya masa cewa tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce, bin shari'a ne. Idan nauyin ya yi masa yawa, yayansa ko kawunsa ya raka shi ya yi magana a madadinsa, ya zama shaida. Aikin da zai ɗauki wata ɗaya ko fiye, a rubuta shi. Ga ɗan lakwal da alƙalami a aljihu.

Na biyu, idan aka yi aiki ba a yanke lada ba, gumin yaro bai faɗi ba. Malamai sun ce ana biyansa ladan da aka saba biyan irinsa a wannan wuri.

Na uku, ɗan ƙwadago amintacce ne a kan abin da aka damƙa masa. Makiyayin da akuya ta mutu a hannunsa ba tare da sakaci ba, ba ya ramuwa. Amma idan ya bar garke ya tafi kallon ƙwallo, suka shiga gonar mutane ko suka ɓata, ya ci amana. Wanda ya san iyakar nauyin da ke kansa, ba a ɗora masa na wani, shi ma ba ya sauke nasa.

SHIRI NA UKU: FAƊIN GASKIYA GAME DA KAI

Annabi Yusufu (AS), sa'ad da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya ambaci abin da ya iya a fili, wato tsarewa da sani. Wannan ya nuna halal ne mai neman aiki ya faɗi iyawarsa, muddin gaskiya ce. Wanda ya iya lissafi da rubutu ya faɗa, domin mai shago yana neman mai rubuta bashi. Wanda ya saba da shanun huɗa ya faɗa. Amma yaron da bai taɓa tuƙa babur a kan babban titi ba, ya ce ya iya don kada aiki ya wuce shi, ya sa ransa da na fasinja a cikin hatsari, kuma alhakin yana wuyansa. Haka wanda ya ƙara wa kansa shekaru. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar farko ta aiki take tona shi.

Takardar da ta fi kowace takarda a ƙauye ita ce shaidar mutane. Kafin mutum ya ba yaro makullin shagonsa, zai tambaya ɗan wane ne, ana ganinsa a masallaci, ya taɓa ɗaukar abin wani. Wannan shaida ba a rubuta ta cikin dare ɗaya. Aiken da aka yi wa yaro bara ya dawo da canji cif, shi ne yake nema masa aiki bana. Duk da haka, wanda zai bar gari ya tafi da takardar haihuwarsa ko katin makarantarsa, da lambar wayar wani babba na gida a rubuce. Wanda ba shi da takardar haihuwa, mahaifinsa ya nema masa a ofishin magajin gari tun da sauran lokaci.

SHIRI NA HUƊU: BINCIKEN AIKI DA MAI AIKI

Kamar yadda ubangida yake bincike a kan yaro, haka ya wajaba gidan yaro su yi bincike a kan ubangida. Yana biyan haƙƙi? Yana barin yaransa su yi salla a kan lokaci, su je Juma'a? Ina yaron zai kwana, kuma da su wa? Abin da ake sayarwa halal ne? Wannan bincike ya fi wajaba a kan ƴa mace. Bai halatta a miƙa yarinya ga wata dillaliya ta kai ta gidan da iyayenta ba su san ƙofarsa ba, a Yamai ko a hayin iyaka, don kawai an yi alkawarin kuɗin kayan ɗaki. Duk kayan ɗakin duniya ba su biyan mutuncin da ya zube.

Akwai kuma ayyukan da kuɗinsu yake da ƙyalli amma ramin kabari ne a buɗe. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, labarin arzikin dare ɗaya ya cika kunnuwan samari. Mu tuna cewa a watan Nuwamba na 2021 ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. Mu tuna kuma da watan Oktoba na 2013, sa'ad da aka tsinci gawarwaki 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a kan hanyar neman abinci. Kusa da mu kuwa, ga jigilar man ruwa-ruwa a kan babur ta hanyoyin daji, inda tartsatsi ɗaya ya isa ya ƙone yaro da kayansa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma babu wani lada da ya kai farashin rai.

SHIRI NA BIYAR: SANIN GWARGWADON JIKI

Abdullahi ɗan Umar (RA) ya ba da labarin cewa an gabatar da shi ranar Uhudu yana ɗan shekara 14, Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi. Ranar Handaƙu yana ɗan 15 ya karɓe shi. Ashe ko a kan aikin da ya fi kowane lada ana duba shekaru. Dokar aiki ta Jamhuriyar Nijar ta 2012 ta hana ma'aikatu ɗaukar yaron da bai cika shekara 14 ba, ko da da sunan koyon sana'a ne, ayyuka masu hatsari kuwa an keɓe su ga wanda ya kai 18. Wannan bai saɓa wa manufar shari'a ba ta kare rai da jiki.

Babbar musibar da ta shigo ta wannan ƙofa ita ce ƙwaya. Yaro ya karɓi jingar da ta fi ƙarfinsa, sai wani abokin banza ya miƙa masa Tramol ya ce da ita ake aiki ba a gaji ba. Ba ta ƙara ƙarfi. Tana toshe kukan jiki ne kawai, alhali jiki magayi ne. Hutu zai ƙare, jinga ta ƙare, ƙwaya ta zauna. Wanda ya sha ta don ya sami kuɗin littafi yakan wayi gari yana sayar da littafin don ya saye ta. Aikin da ba ya yiwuwa sai da maye, aikin ya fi ƙarfinka, ka bar shi.

SHIRI NA SHIDA: INA KUƊIN ZA SU, KUMA YAUSHE ZA A DAWO

Kuɗin da ba a yi musu masauki ba tun kafin su zo, shayi da katin waya suke cinye su. Yaro ya ƙudurta tun farko: kashi na cefanen gida, kashi na littattafai da tufafin komawa makaranta, kashi na ajiya ko da ɗan akuya ne. Iyaye kuma su sani cewa abin da ɗa ya samu da guminsa dukiyarsa ce. Uba mabukaci yana da haƙƙi a ciki, amma ƙwace duka yana koya wa yaro ɓoyo da ƙarya.

Sa'an nan a sa ranar dawowa. Yara nawa ne suka tafi da sunan wata biyu, daɗin kuɗin hannu ya riƙe su, Oktoba ta wuce, kujerarsu a aji ta zama ta wani? Wanda ya musanya karatun shekaru da kuɗin wata uku ya sayar da saniya ya sayi nono. Allo ma kada a jingine shi. Karatun asuba ko na bayan magariba ba ya hana barema.

IDAN AKA CE TALAUCI FA?

Wani zai ce: wannan duk maganar mai ƙoshi ce, wanda tukunyarsa ba ta hau wuta ba ina ya ga zaɓen aiki? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mu raina ta. Amma Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Usmanu (RA) ya yi huɗuba yana gargaɗin mutane kada su ɗora wa ƙaramin yaro tilas ya kawo kuɗi, domin idan bai samu ba sata zai yi. Uban da ya ce wa ɗansa kada ya shigo gida hannu wofi, ko uwar da ta ce wa ƴarta kada ta dawo da ragowar talla, sun tura su ƙofar da ba su so. Talaka ne ma ya fi bukatar wannan shiri, domin ɗan mai hali idan aka cuce shi yana da wurin komawa, ɗan talaka kuwa ƙarfinsa da sunansa su ne dukkan jarinsa. Yunwar damina tana wucewa idan sabon hatsi ya nuna. Karyayyen baya, da maye, da ɓacin suna ba su wucewa da kaka.

KIRA GA MASU ƊAUKAR AIKI DA JAMA'AR MASALLACI

Ku masu gonaki da shaguna da babura, yawancinku a sahunmu kuke salla. Ku tuna cewa a cikin hadisin da Buhari ya ruwaito, Allah da kanSa ne abokin husumar mutum uku ranar alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Ibn Majah kuma ya ruwaito umarnin a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Ƙanƙantar yaro ba hujjar rage masa haƙƙi ba ce idan ya yi aikin babba. Anas ɗan Malik (RA) ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, ya kuma shaida cewa bai taɓa jin kalmar ƙosawa daga gare shi ba.

Muna kira ga limamai su keɓe karatu ɗaya ko biyu a kan babin ijara kafin a rufe makarantu, a kira samari su zauna. Muna kira ga kwamitin kowane masallaci ya zama mahaɗa tsakanin mai neman yaro amintacce da yaron da ke neman ubangida na kirki, dattawa biyu su shaida abin da aka yanke. Wannan ba ya cin ko dala, amma yana toshe ɓarna mai yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya ku matasa, ku fita neman halal da albarkar iyayenku. Ku ba da ƙarfinku da lokacinku cikakku ga wanda ya ɗauke ku, ku riƙe sallarku, da lafiyarku, da mutuncinku, da karatunku, ku dawo da su gida kamar yadda kuka fita da su.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya wadata mu da halal ga barin haram, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.